Matan da suka yi suna a fizik ɗin kayan ƙira, da hanyar da ɗiyar Damagaram za ta bi

Malamar Fizik, Sabon Gari:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ranar 11 ga Fabrairu tana ƙaratowa, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2015 domin mata da ƴan mata a fagen kimiyya, kuma an ɗora mini yi wa ƴan matan tarminal C da D jawabi a lisenmu. Kowace shekara sunan Marie Curie muke maimaitawa, har yaran sun haddace cewa ta karɓi Nobel a 1903 da 1911, amma ba su san yadda ake tashi daga bak a kai matsayin farfesa ba. Bana ina son in tsaya a kan reshe guda, wato fizik ɗin da ke nazarin kayan ƙira kamar ƙarfe, gilashi, yumɓu, gawayi da silikon. Waɗanne mata ne suka yi aiki a wannan reshe, me kowace ta gano takamaimai, kuma ta wace hanya ta hau?

Dakta Mai Labo:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ajiye Marie Curie, domin binciken farko da aka biya ta a kansa na wannan reshe ne. A 1894 wata ƙungiyar bunƙasa masana'antu ta Faransa ta ba ta aikin auna maganaɗisun nau'o'in baƙin ƙarfe da aka tauraro da wuta, kuma wajen neman ɗakin da za ta yi awon ne aka haɗa ta da Pierre Curie.

Amma wadda nake so ki gina jawabinki a kanta ita ce Mildred Dresselhaus, wadda aka haifa a New York a 1930, ɗiyar baƙi matalauta da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ta rasu a 2017. Da niyyar zama malamar firamare ta shiga kwalejin Hunter, sai wata malamarta, Rosalyn Yalow, wadda ita ma daga baya ta karɓi Nobel, ta matsa mata ta bi fizik. Ta kammala digirin dakta a Chicago a 1958, ta yi aure a shekarar, sannan a 1960 ita da mijinta suka koma wani labon bincike na jami'ar MIT, babbar jami'ar fasaha ta Amurka, saboda wurin ya yarda ya ɗauki mata da miji tare, abin da jami'o'i da yawa suka hana a wancan zamani. A can ta zaɓi nazarin girafit, wato baƙin abin da ke cikin fensir, a lokacin da manyan masana suke rububin wasu kayan suna ganin wannan ba ya da armashi.

Girafit shimfiɗu ne na ƙwayoyin zarrar kabon, wato sinadarin gawayi, ɗaya bisa ɗaya, kowace shimfiɗa kaurinta ƙwaya guda. A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana ƙananan bututu na kabon, sai a 1992 Dresselhaus da mijinta da abokan aikinsu biyu ƴan Japan suka nuna ta hanyar lissafi cewa bututun nan shimfiɗa guda ce aka naɗe, kuma yadda aka naɗe ta ne ke yanke halinta. Ki ɗauki tabarma a gaban yaran, ki naɗe ta a miƙe, sannan ki sake naɗe ta a karkace. Tabarmar ba ta canza ba, amma a kabon naɗi na wani kusurwa yana ba da bututu mai wuce da lantarki kamar ƙarfe, na wani kusurwar kuma yana ba da mai wuce da shi bisa sharaɗi, irin silikon da ake ƙera kwamfuta da shi. An zo an auna bayan ƴan shekaru, aka tarar haka abin yake. A 1968 ta zama cikakkiyar farfesa a MIT tana da ƴaƴa huɗu ƙanana, ta yaye ɗaliban dakta fiye da 60, kuma a 2012 ta karɓi babbar kyautar kimiyya ta Kavli ita kaɗai.

Tsohon Mushe na Birni:
Dakta, ɗiyata, Allah ya ƙara basira, bayaninki ya fita sarai. Amma ni da na tsufa a aji ina da ja. Me ya haɗa ɗiyar Garin Malam ko Kara-Kara da MIT? A ƙasar nan, bisa alƙaluman UNICEF, kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma wadda ta kai tarminal C ta riga ta tsallake shingen da ya tare mafi yawan sa'o'inta. Idan aka cika mata kunne da labarin Amurka, za ta yi tafi, ta fito ta ce wannan na Turawa ne. A ganina gara a ba ta na gida. Ga Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, masanin fizik da ya ba da rayuwarsa ga makamashin rana. Idan mace ake so, ga Fadji Maina, haifaffiyar garin nan, wadda ta yi digirin dakta a Strasbourg a 2016 ta shiga aiki da NASA a 2020, kuma ta sha faɗa cewa ƙarancin ruwan Damagaram ne ya sa ta karanci ilimin ruwa. Wannan yaran za su gane, don da jarka suka tashi.

Injiniyan Sola, Zango:
Baba, ranku ya daɗe, a kan Fadji Maina ban da ta cewa, sai dai fanninta ruwa ne, kuma Malama kayan ƙira ta tambaya. Inda na saba da ku shi ne cewa wannan ilimi na Turawa ne. Sana'ata kafa faifan sola ce, kuma duk matsalar da nake fama da ita ta kayan ƙira ce. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifai an auna shi ne a zafin digiri 25, kuma faifan silikon yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru. A watan Afrilu da Mayu, faifan da ke kan kwano da rana tsaka yana haura digiri 60, ba ya taɓuwa da hannu, sai mai gida ya kira ni ya ce na sayar masa da jabu. Ƙurar hunturu kuma ta kwanta a kan gilashin ta ƙara rage abin da ya saura. Batir ɗin darma shi ma zafi yana gajarta masa kwana. Kayan nan duka an ƙera su ne da yanayin wasu ƙasashe a zuciya, kuma babu wanda zai zo ya gyara mana su saboda zafin Damagaram. Dakta, akwai matan da aikinsu ya shafi irin wannan?

Dakta Mai Labo:
Akwai, Injiniya. Silikon ɗin faifanka ba tsantsa ba ne, da gangan ake barbaɗa masa ƴan ƙwayoyin boron da fosforas don ya yi aiki, kuma ka'idar da ta bayyana yadda waɗannan baƙin ƙwayoyi suke karkatar da elektron a kan hanyarsa tana ɗauke da sunan Esther Conwell da malaminta Victor Weisskopf. Aikin digirinta na master ne a lokacin yaƙin duniya na biyu, sai a 1950 aka wallafa shi. Batun gilashi kuwa, Katharine Blodgett, mace ta farko da ta samu digirin dakta na fizik a Cambridge a 1926, ita ce a kamfanin General Electric ta nuna a 1938 cewa idan aka lulluɓe gilashi da fata siririya mai kaurin da ya dace, hasken da ke dawowa daga fuskarsa yana kashe kansa, kusan duka hasken ya wuce ciki. Nata lulluɓin yana da taushi, yana gogewa, amma ka'idar ita ce ake bi a gilashin faifan sola da na tabarau har yau.

Wadda ta fi ba ni sha'awa a wannan babi ita ce Rosalind Franklin. Duniya ta san ta da hoton DNA, alhali digirinta na dakta a 1945 a kan kwal ne, a kan ƙananan ramukan da ke cikinsa. Daga 1947 ta yi aiki a Paris, inda ta ƙware a auna kaya da hasken X, kuma a 1951 ta wallafa cewa kabon iri biyu ne idan aka gasa shi. Wani yana jeruwa ya zama girafit, wani kuwa, kamar gawayin sukari, ko an kai shi digiri 3,000 yana nan a hargitse, cike da ramuka. Wannan na biyun shi ne dangin gawayin da ake tace ruwa da shi, kuma shi ake sawa a sababbin batura masu aiki da sodiyom a madadin litiyom. Ta rasu a 1958 tana da shekara 37. Baba, da girmanku, gawayi da ruwa ba baƙi ba ne a Birni.

Ɗalibar Master:
Ina gaida iyaye da malamai. Na daɗe ina karanta wannan zaure ban yi magana ba, amma yau abin ya shafe ni. Ina shekarar ƙarshe ta master a wata jami'a a wata ƙasa maƙwabciya, kuma aikina a kan tukunyar tace ruwa ne. Da hutu nakan sayo yumɓu wajen masu ginin tukwane a Mirriya, in daka shi in tankaɗe, in gauraya da ƙaiƙayin hatsi, in matse shi a zubi, in gasa. Ƙaiƙayin yana ƙonewa ya bar ramuka, ruwa ya bi ta cikinsu, datti ya tsaya. Wannan sashe ina iya yi da hannuna, har tsofaffin da nake saye a wurinsu suna yi mini dariya wai ƴar lakwal ta dawo ginin tukunya.

Inda na maƙale shi ne awo. Don in san ma'adanan da ke cikin yumɓun ina bukatar na'urar hasken X, kuma ta sashenmu ta lalace tun kafin in zo. Sai aka aika garin yumɓuna Turai a cikin jakar wani malami, sakamakon ya dawo bayan watanni. Yanzu ana shirya maƙala, kuma a daftarin da na gani sunan wanda ya kunna na'urar a can ne na farko, nawa yana tsakiya cikin jerin mutanen da wasunsu ba su taɓa ganin yumɓun ba. Da na tambaya cikin ladabi, aka ce in yi haƙuri, ai ni aure zan yi, wanda aka sa a gaba shi ne ke neman ƙarin girma. Dakta, Yaya, haka abin yake ko'ina?

Dakta Mai Labo:
Ƙanwata, ba haka yake ko'ina ba, amma tsohon ciwo ne. Myriam Sarachik a 1964, a labon bincike na kamfanin tarho na Bell a Amurka, ta auna gaurayen ƙarafa masu ɗan burbushin baƙin ƙarfe a tsananin sanyi, ta nuna cewa a inda burbushin ke da maganaɗisu, tirjiyar da ƙarfen ke yi wa lantarki tana sauka yayin da sanyi ke ƙaruwa, ta kai wani wuri sannan ta sake hawa. Awonta ne ya tabbatar da lissafin Jun Kondo da ya fito a shekarar, amma abin da sunan Kondo aka san shi, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin a riƙa ambatonta yadda ya kamata. Sai a 2003 ta shugabanci ƙungiyar masana fizik ta Amurka. A MIT ɗin da muka yaba ma, a 1994 matan da ke da kujerar dindindin a tsangayar kimiyya 15 ne, maza kuwa kusan 200. Wata farfesa mai suna Nancy Hopkins ta ɗauki tef ɗin awo ta bi labo-labo tana auna faɗinsu, ta nuna da alƙaluma cewa na mata sun fi ƙanƙanta, kuma a 1999 jami'ar ta fitar da rahoto ta amsa cewa an yi wariya. Abin lura shi ne ba da kuka ta je ba, da lambobi ta je.

A wajenmu jerin sunaye ba ado ba ne, shi ne tsanin aiki. Malamin jami'a a Nijar yana hawa ne ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedkwatarta take Wagadugu. Kwamitocinta suna zama kowace shekara su duba takardun masu neman hawa daga mataki zuwa mataki har farfesa, kuma suna duba maƙalun da mutum ya wallafa da matsayin sunansa a cikinsu. Wadda aka tura sunanta tsakiya a maƙalarta ta farko an ci mata wani abu da za ta nema nan gaba. Shawarata ita ce ki riƙe littafin labo mai kwanan wata a kowane shafi, ki rubuta wa malaminki wasiƙa ta imel cikin girmamawa ki jera abin da kika yi da hannunki, daga ɗebo yumɓu har gasa shi, ki roƙi a sake duba jerin. Mujallu da yawa yanzu suna neman a bayyana aikin da kowane marubuci ya yi, kuma wannan yana gefenki.

Akwai kuma abin da mata kaɗai ke fuskanta. Nicola Spaldin ta jami'ar ETH a Zurich ta wallafa shahararriyar maƙalarta a 2000, inda ta bayyana dalilin da ya sa da wuya a samu abu guda mai maganaɗisu wanda kuma yake riƙe da karkatar lantarki ta kansa, kuma wannan ya farfaɗo da reshe guda na bincike. Amma a kan takardar sunan Nicola Hill ne, don sunan da take amfani da shi ke nan a lokacin. Wanda bai sani ba zai ɗauka mutum biyu ne. Mu nan da ake mayar da mace Madam Wane da zarar an ɗaura aure, ki zaɓi suna guda tun yanzu ki tsaya a kansa a duk abin da za ki wallafa, ki kuma buɗe lambar ORCID, kyauta ce, wadda ke haɗa ayyukanki wuri guda.

Hajiya Uwar Ɗalibai, Karkada:
Ni ba masaniyar fizik ba ce, uwa ce, kuma ɗiyata tana tarminal C bana. Dakta, ki yi mini lissafi da gaskiya. Idan ta ci bak tana shekara 19, lisans shekara 3, master 2, dakta aƙalla 3, kuma kowa ya san shekarar jami'a a nan ba ta cika ƙarewa a kan lokacinta ba. Ta doshi 30 ke nan ba ta fara aiki ba. Dangin ubanta tun yanzu sun fara magana. Ban ƙi karatun ba, ni na tsaya mata har ta kai nan, amma ina son in ji ta bakin wadda ta bi hanyar ko ana iya haɗa shi da aure da haihuwa, ko kuwa sai an zaɓi ɗaya.

Tsohon Mushe na Birni:
Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi. Amsar tana maƙwabta, a Kano. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta yi aure bayan sakandare, ta haihu, sai bayan kusan shekara 10 ta shiga jami'a, ta bi fizik har ta zama farfesa, kuma a 2015 ta karɓi kyautar gidauniyar Elsevier ta mata masu bincike a ƙasashe masu tasowa. Fanninta sararin samaniya ne, amma Bahaushiya ce mai ƴaƴa. Ita ma Dresselhaus da Dakta ta kawo, mijinta masanin fizik ne da ya tsaya mata. Saboda haka ni a ganina maganar duka tana komawa ga miji. A samo wa yarinya mutumin kirki mai ilimi, a rubuta sharaɗin karatu tun wajen neman aure a gaban waliyyai, sauran kuma a bar wa Allah.

Dakta Mai Labo:
Baba, sharaɗin karatu a gaban waliyyai abu ne mai kyau, na ga inda ya yi amfani, na kuma ga inda aka manta da shi bayan haihuwar fari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rataya makomar mai bincike a kan sa'ar miji kawai, don ƙasa ba ta gina tsangaya da sa'a. Ku dubi Kathleen Lonsdale ta Ingila, wadda a 1929 ta tabbatar da hasken X cewa zoben benzin, wato ƙwayoyin kabon shida da ke haɗe a da'ira, a shimfiɗe yake. Mijinta ya goya mata baya ƙwarai, duk da haka da ƴaƴa suka zo sai ta koma gida tana lissafi a kan tebur. Abin da ya dawo da ita labo shi ne tsohon malaminta, William Bragg, ya nemo mata kuɗi na musamman don ta ɗauki mai taya ta aikin gida. A 1945 ta zama ɗaya daga cikin mata biyu na farko da aka zaɓa cikin Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya, a 1949 kuma farfesa a London. Wani shugaba ne ya ga cewa matsalar lokaci ce, ya saya mata lokacin.

Hajiya, ana haɗawa, ni ma da goyo na rubuta rabin kundina, amma ba zan ce miki da sauƙi ba. Wahalar wannan reshe ita ce tanderu ba ya jira. Idan kin kunna gashi na awa goma sha biyu, ko an ba ki na'ura na kwana uku a wata ƙasa, ba za ki ce yaro yana zazzaɓi a ɗaga ba. Kuma shekarun da ake so mai bincike ya fi yawan wallafa su ne shekarun haihuwa. Abin da ke rage nauyin shi ne tsari. Ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, mai ofis a Trieste ta Italiya, tana ba matan ƙasashe irin tamu burs na dakta a wata ƙasa mai tasowa, kuma akwai nau'in da mace ke rajista a jami'ar gida ta riƙa zuwa waje na ƴan watanni tana dawowa. Ga mai iyali wannan ya fi tafiyar shekara huɗu a jere. A birnin ne kuma cibiyar nazarin fizik ta ƙasa da ƙasa, ICTP, take, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da karatun shekara guda na share fagen dakta a wannan fanni. Kusa da mu, jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka, AUST, da ke Abuja tana da sashen kimiyyar kayan ƙira.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar tanderu. Yawancin aikin Spaldin lissafi ne a kwamfuta, ana ba ta jerin ƙwayoyin zarra ta fitar da halin abin tun kafin a ƙera shi. Manhajar Quantum ESPRESSO da ake wannan aiki da ita kyauta ce, kuma tun 2010 akwai makarantar ASESMA da ke zagaya ƙasashen Afirka tana koyar da shi, an taɓa yin ta a Abuja.

Injiniyan Sola, Zango:
Dakta, a nan ina da ɗan tsoro. Idan aka ce wa ƴan mata su bi lissafin kwamfuta don ya fi dacewa da zaman gida, gobe za a wayi gari labo na maza ne, mata kuma an tura su ɗaki da hujja mai kyau. Kuma lissafin ma yana son wuta da intanet da ba sa yankewa, da babbar kwamfuta a wata ƙasa da za a roƙa a ba ka lokaci a kanta. Roƙon dai bai ƙare ba.

Dakta Mai Labo:
Tsoronka yana kan hanya, Injiniya, shi ya sa na ce hanya ce, ban ce ita ce hanyar mata ba. Bambancin shi ne wanda ya ara maka kwamfuta ba ya neman sunansa ya hau gaban naka, godiya ake yi masa a ƙasan maƙala. Batun manyan na'urori kuwa ya wuce mace ko namiji. Afirka ba ta da na'urar sinkrotron ko guda, wato babban zoben da ke fitar da hasken X mai ƙarfin gaske, kuma tun taron Grenoble na 2015 ake fafutukar a gina ɗaya. Ƙasashen Gabas ta Tsakiya sun haɗa hannu sun buɗe tasu, SESAME, a Jodan a 2017, kuma Gihan Kamel, ƴar Masar, ita ce masaniyar da ke kula da ɗaya daga layukan haskenta na farko. Mu a yanzu ko ƙaramar na'urar hasken X guda mai aiki, da ma'aikacin da aka horar ya kula da ita da kuɗin kayan gyara a kasafin kowace shekara, za ta canza lissafin ɗalibai da yawa, maza da mata. Sai dai mata za su fi cin moriyarta, don su ne tafiya ta fi yi wa tsada.

Malamar Fizik, Sabon Gari:
Baba, ina neman afuwa, amma zan kawo na waje da na gida duka. Zan kuma roƙi ƙanwarmu mai yumɓu, idan tana gari, ta zo da tukunyarta aji.

Ɗalibar Master:
Malama, zan zo in Allah ya yarda, sai dai rabin tukwanen suna tsagewa a wuta, ban san ko masu kyau za su samu ba. Dakta, ina gasa su zuwa digiri 900, kuma tsagewar takan bayyana ne bayan na buɗe tanderun da safe. Na rage ƙaiƙayi, abin bai daina ba.

Dakta Mai Labo:
Kafin ki zargi ƙaiƙayi ki dubi yashin da ke cikin yumɓun. Yashi mafi yawansa kwartz ne, kuma a digiri 573 kwartz yana sauya tsari farat ɗaya, ya kumbura idan ana hawa, ya tsuke idan ana sauka. Idan tanderun ya ratsa wannan wuri da sauri, musamman wajen hucewa, bayan tukunyar ya riga cikinta tsukewa sai ta tsage. Kusa da wurin ne kuma, tsakanin digiri 450 da 600, yumɓun ke sakin ruwan da ke ɗaure a jikinsa. Saboda haka ki rage gudun wuta sosai daga 500 zuwa 650, a hawa da sauka, kada ki buɗe ƙofa sai ya huce ƙasa da 200. Ki duba bakin tsagar: idan yana da kaifi da tsabta, a hucewa ta faru, idan kuwa ya buɗe yana da gautsi, tun a hawa ne ko wajen bushewa. Ki raba garin gida biyu, ɗaya ki jiƙa shi ki tsiyaye don yashin ya zauna a ƙasa, ɗaya ki bar shi yadda yake, ki gasa su tare a wuta guda, ki rubuta adadin da ya tsage a kowane kashi. Ki kuma tambayi tsofaffin Mirriya me suke haɗawa da yumɓunsu da kuma lokacin da suke kwashe tukwane daga wuta, ki rubuta amsarsu a littafin labo da ranar da suka faɗa miki.